Jiƙon Zabibi na Ranar Juma'a

Tandabawi, Makka, Muharram 1369

Bismillahi. Daga Abdulganiyyu zuwa ga aminina Malam Sabo a Jidda. Gaisuwa da so da yarda da aminci. Ina gaida ɗanka Wada da ya ɗauke mana kai, da 'yarka Ramlatu mai jinyar ƙafarka.

Bayan haka, alhazai sun watse, gari ya yi shiru. Ɗakina kuwa tun rasuwar matata Shatu shiru yake, ko da alhazai ko babu. Ranar Alhamis na fito da ɗan tulunta na wanke. Na zuba baƙin zabibin garin Ɗa'ifa tafi biyu kamar yadda na riƙa ganin tana yi, na cika da ruwa, na ɗaure bakin da farin ƙyalle, na ajiye a taga inda iska ke bugawa. Da aka sauko daga Juma'a na tace. Ya yi daɗi, Sabo, amma tafi biyun nan na mutum biyu ne. Na sha nawa da gasasshen naman rago mai yaji, naka na ba mai kawo mana ruwa. A tsaye ya kwankwaɗe kamar mai shan magani, bai ko tambayi abin da ake ci da shi ba.

Ka zo mini Juma'a ɗaya. Motar Wada tana shigowa Makka da kaya, kai kuwa ba ka fi buhun shinkafa nauyi ba. Ƙarfina yana raguwa, ban san Juma'a nawa ta rage mini ba.

Haza wassalam.

*

Jidda, Muharram 1369

Daga Sabo zuwa ga Abdulganiyyu, malamin yara, jahilin abinci. Gaisuwa mai yawa. Ramlatu ce ke rubutawa, kuma tana ta dariya.

Ashe har yanzu nama mai yaji? Tun muna da baƙin gemu nake gaya maka yaji yana kashe zaƙin zabibi. Cukwi mai gishiri ake ci da shi, da gurasa mai zafi. Gishirin ya tayar da harshe, jiƙon ya bi ya kwantar da shi. Shatu ma, Allah ya jiƙanta, ra'ayina take bi, don dai kai ne mijinta take yin shiru.

Zan zo Juma'ar farko ta Safar in Allah ya yarda. Wada ya ce ƙafata ba za ta jure hanya ba, na ce masa da ita na tako daga Kano. Ni zan kawo cukwin, don in na bar maka saye, gishiri zalla za a sayar maka. Ka tuna ƙa'idar Shatu: jiƙon Alhamis ba ya ganin Lahadi.

Wassalam.

*

Tandabawi, Safar 1369

Zuwa ga Malam Sabo. Gaisuwa da fatan alheri.

Bayan haka, na jiƙa ranar Alhamis. Juma'a na shimfiɗa tabarma, na jera kofi biyu, na sayo gurasarka, na zauna har aka kira Magariba. Naman kyanwoyin unguwa suka ci. Asabar na ce wataƙila mota ce ta lalace a hanya. Lahadi na tuna ƙa'idar, na kai hannu zan zubar, sai na ga kamar in na zubar ka fasa zuwa ke nan. Na mayar da ƙyallen na ɗaure.

Ranar Talata maƙwabcina Rabe ya shigo zai kama hannuna mu tafi Azahar. Ya tsaya a bakin ƙofa yana shinshina. Ya kwance ƙyallen, sai ga kumfa tana tsiyaya, wari ya cika ɗakin. Ya dube ni ya ce, "Malam, giya a Makka? Kai da ka karantar da 'ya'yana?" Na yi masa bayani, ya ce ya yarda, amma in wani ne ya shigo ba shi ba, da tuni magana ta kai inda ba a so. Ya ce yumɓu yana shan abin da aka zuba masa, ba wankin da zai tsarkake shi. Na roƙe shi mu gwada toka da ruwan zafi, ya ƙi. Bayan gida ya kai tulun ya fasa, ina jin ƙarar daga ɗaki.

Tulun Shatu ne, Sabo. Da ka san ba za ka zo ba, ai sai ka aiko.

Wassalam.

*

Jidda, Safar 1369

Daga Ramlatu zuwa ga Baba Malam. Gaisuwa da girmamawa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu ranar Alhamis ɗin da ka jiƙa zabibin, bayan La'asar, an yi jana'izarsa da safiyar Juma'a. Da hantsi ya sa Yaya Wada ya kai shi kasuwa, ya ɗanɗana cukwi a rumfa huɗu kafin ya zaɓa. Ya dawo ya ƙulle shi a rawaninsa, ya ce zai ɗan kishingiɗa kafin a gama lodi. Mun ba wani direba saƙo ya sanar da kai, sai da takardarka ta iso muka gane bai kai ba. Ka yafe mana, ka yafe masa.

Ga ƙullin nan, yadda ya ɗaure shi. Ban kwance ba.

'Yarka, Ramlatu.

*

Tandabawi, Safar 1369

Zuwa ga 'yata Ramlatu. Allah ya jiƙan mahaifinki, ya ba ku haƙuri. Ni ne mai neman yafiya, na yi wa mamaci faɗa.

Na jiƙa a kwano. Juma'a na kwance rawanin, na ci cukwin da gurasa, na kora da jiƙon. Ba zan ce ya fi nama ba, ba zan kuma ce bai fi ba, tunda mai musun ba ya nan.

Na so in zuba tafi ɗaya, hannuna ya zuba biyu. In Wada zai shigo Makka da kaya, ki ce ya daidaita da Juma'a.

Haza wassalam.