Man buwat ɗin da ban rubuta awonsa ba

Maigida,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Na san ba mai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka karanta ta ba. Amma kwana huɗu ke nan ina magana a gidan nan ba mai saurarona, shi ya sa na ɗauko biro. Ka yi haƙuri da rubutun. Har yanzu layina gangarawa yake yi, kamar lokacin da nake dawowa daga ajin zumuntar mata kana duba littafina kana dariya.

Damina ta yi kyau wajenmu, har can Ollelewa. Gero ya wuce gwiwa. Katangar bayan gida ta faɗi, ba a gyara ba tukuna. Ƴarka Ladi ta dawo gida goyon ciki, watanta ya kama. Ka tuna haihuwarta ta fari, sai da aka yi mata aiki, ɗan kuma bai zauna ba. Likita a Tanout ya ja mana kunne, ya ce wannan karon kada ta yi naƙuda a gida, da ta ji mara ta motsa a kawo ta. Mu kuwa da me muka dogara in ba motarka ba? To motar taka ce ta hana ni sakewa.

Ɗanka Ishaya ya yi wa motar canjin man buwat, wato akwatin giya, ranar Litinin, ina gona. Ba zan ce bai da gaskiya ba. Tun da ka tafi ba wanda ya taɓa man, ya yi baƙi, yana warin ƙuna, motar tana nauyin tashi. Ya ce gara ya gyara kafin ranar ƴar'uwarsa ta zo. Ya je Tanout ya sayo jan man nan na otomatik, irin wanda kake saye, bido biyu, wato jarka biyu. Ya shiga ƙarƙashi ya kwance, man ya zuba a roba. Har nan bai yi laifi ba.

Amma kai ka san halin motarka. Ka sayi otomatik saboda ƙafarka ta hagu da ta daina taka ƙarfe. Tun ranar da ƙarfen awon man ya karye a hanyar Belbeji, ka toshe bakin da guntun roba, ba ka nemi wani ba. Na yi maganar har na gaji. Ka ce kai ba ka bukata, dabararka ta fi. In ka zubar da tsohon mai sai ka auna shi tsaf, ka mayar da sabo daidai wanda ya fita, ba ƙari ba ragi. Wa ka koya wa wannan? Duk ranar da za ka yi aikin sai ka aiki Ishaya gona, wai hannunsa rairayi ne, ƙwayar ƙasa ɗaya ta shiga buwat an gama. Yanzu ga shi da gemu, yana koyon motar ubansa a waya.

Yana cikin aikin sai ga abokinka Agali makiyayi, ya zo roƙon baƙin mai don raƙumansa masu ƙazwa, kamar yadda ka saba ba shi. Kai sai ka auna kake ba shi. Ishaya bai san haka ba, ya juye masa robar duka a galan, wani ma ya zube a ƙasa. Kafin in dawo Agali ya yi arewa da garkensa. Ina zan same shi? Ko na same shi, man yana jikin raƙuma.

Daga nan muka fara. Ishaya ya ce wayarsa ta nuna motar tana shan sama da lita bakwai, zai zuba bido biyun. Na ce masa ban taɓa ganin ka shigo da bido biyu ba, ɗaya kake saye, har ya yi saura. Ya ce Inna, ke da kika koyi baƙi jiya, yau kin zama makanisiye? Ya faɗa da dariya, amma ta shige ni. Na ce masa ni ce mai riƙe wa ubanka mazurari shekara tara, na ji ya ce ba duka man ke fita ba in an kwance, rabi yana maƙalewa ciki. Na ji ka ce in ya yi yawa kumfa yake yi, in ya yi kaɗan buwat ta ci kanta. Ya kira wani mai garaji a Tanout, wancan ya ce a yi ta zubawa har ya tumbatso. Wannan ai maganar manyan motocin daji ce masu ƙarfen hannu, ko ni na sani.

Yanzu bari in faɗa maka abin da na ɓoye. Canjin man da ka yi na ƙarshe, kana tari, ka fito daga ƙarƙashin motar da ƙyar. Ka faɗa mini awon, lita kaza da ɗan kaza, ka ce tunda yanzu na zama malama in rubuta a bayan littafin waƙoƙina. Na shiga ɗaki na fito na ce na rubuta. Ban rubuta ba, Maigida. A lokacin baƙi kawai muka koya, ba mu kai lamba ba, ban san yadda ake rubuta rabi ba. Na ji kunyar in tambaye ka, kada ka sake yi mini dariya. Na ce a raina zan riƙe a ka. Sai ciwonka ya tashi, sai zaman makoki, ya fita daga kaina. Uku da rabi ne? Huɗu saura kaɗan? Kwana huɗu ina juya shi. Me ya sa ba ka karɓi littafin ka duba ba? Kai da ba ka yarda da kowa kan motar nan, me ya sa ranar ka yarda da ni?

Jiya da safe muka shirya a kan lita uku da rabi. Na tace man da sabon ƙyalle, na riƙe mazurari, ya zuba. Ya tayar, ya bar ta ta yi zafi, ya zagaya da hannun bitas, na canjin giya, gida gida kamar yadda na gaya masa kana yi. Na shiga gaba muka nufi hanyar rijiya. A kan tudu ta tafi lafiya. Da muka shiga rairayi sai ta yi kuka ba ta ja, sannan ta fizga har kaina ya bugi gilashi. Ishaya ya ce sabon mai ne, zai zauna. Ni shekara tara ina zaune a kujerar nan, ban taɓa jin ta yi haka ba. Ya ce a ƙara lita ɗaya. In ƙarin ne ya kashe ta fa? In ta tsaya a tsakiyar ƙorama, ruwa yana zuwa, Ladi tana murƙususu a baya? Kai ka ce mini otomatik ba a tura ta ta tashi.

Da muka dawo na zare makullin na ɗaure a bakin zanena. Ishaya bai ci tuwo ba, ya ce na nuna wa gari shi ba namiji ba ne. Na ce sai mu koma Tanout mu jira haihuwa, Ladi tana kuka, wai ba ta son zaman gidan mutane. Kowa fushi yake da ni, ni kuma da kai nake fushi, kuma ba inda zan kai ƙara.

Ga abin da na yanke. Gobe da sassafe amalanken maƙwabci zai kai mu bakin kwalta, ni da Ladi, mu hau motar kasuwa. Matar fasto a Tanout ta ce akwai ɗaki. Can za mu zauna, kusa da asibiti, ko sati uku ne. Noma na biyu zai wuce ni, ciyawa ta ci abin da za ta ci. Na gaya wa Ishaya ranar da ya kawo ƙarfen awo sabo daga Damagaram, ranar zan kwance masa makullin. Kafin nan motarka ba za ta ɗauki ƴata ba.

In na yi daidai, ba kai za ka faɗa mini ba. Ka huta lafiya, sai mun sadu.

Ni ce matarka,
uwar Ladi da Ishaya.