Unguwarmu Ta Fito Kore

Litinin, 3 ga Maris

Yau kwamfutar cibiyar bincikenmu ta fara haɗiye bayanan da muka shekara muna tarawa: awon ruwan famfo, shekarun bututu, rahoton yaran da aka kai asibitoci. Za ta zana taswira. Unguwar da ta fito ja akwai gubar dalma a ruwanta, can hukumar ruwa za ta fara canza bututu. Ni na ɗebo ruwan unguwarmu da hannuna, daga famfon Inna da na maƙwabta. Awon dalmar ya yi sama ƙwarai. Na nuna wa Dogo, abokin aikina mai tankaɗe bayanai kafin su shiga lissafi. Ya ce in kwantar da hankalina, muddin yana kan kujerar nan ba za a tsallake Inna ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Autar Yaya, da ke zaune wurin Inna, ta sake kwana da ciwon ciki. Ta rame, ta daina surutun nan nata mai cika kunne. Inna ta sanar da duk layinsu cewa 'yarta na cikin masu binciken, gyara na nan tafe. Na ce ta rage baki, ta ce bakinta ne.

Talata, 18 ga Maris

An haska taswira a ɗakin taro. Unguwarmu kore shar, wai ruwanmu lafiya lau. Na goge tabarau na sake dubawa. Kore. Farfesa, shugaban aikin, na ta yabon yadda lissafin ya zauna daram, ana tafi. Dogo bai kalli inda nake ba, sai juya biro yake yi.

Laraba, 19 ga Maris

Na tare shi a wurin shan shayi. Bai ko musa ba. Wai ƙa'idar aiki ce: duk awon da ya yi nisa da 'yan uwansa ana ɗaukarsa kuskuren na'ura a cire, kwamfuta ta cike gurbin da na maƙwabtan unguwanni. Namu ya karkatar da lissafin gaba ɗaya, masu duba aikin za su yi shakkar komai, sauran unguwannin ma su rasa.

Na ce, "Dogo, ka san ba kuskure ba ne. Ka san tsohuwar masana'antar batir na bayan gidan."

Ya ce, "Ƙanwata, na sani a matsayina na mutum. A matsayina na ma'aikaci ban da hujja."

Ashe mutum biyu ne a cikin rigar nan, ni ban sani ba. Wanne ne a ciki yake zuwa gidanmu ya miƙe ƙafa, Inna na ce masa ɗana tana ƙara masa nama? Da ma ya gaya mini kafin ya goge, da na sake ɗebo ruwan. Shirun da ya yi ne ya fi ci mini rai.

Juma'a, 21 ga Maris

Na shiga wurin Farfesa. Ya saurare ni da murmushi kamar likita da majinyacin da ya cika ƙorafi. Ya ce rahoto ya riga ya tafi, a zagaye na biyu za a duba. Na tambaye shi yaushe, ya ce in an samu masu ɗaukar nauyi. Ya kuma shawarce ni in raba aiki da zumunci. Na yi godiya. Ni da bakina na yi godiya.

Lahadi, 23 ga Maris

Inna ta tambayi ɗanta Dogo, ta ce kwana biyu. Na ce aiki ya yi masa yawa. Na kasa faɗa mata sauran.

Laraba, 9 ga Afrilu

An fara haƙa a unguwannin da suka fito ja. Na wuce ta ɗaya, sababbin bututu jibge a bakin titi, yara na hawa kansu. Ba na musu baƙin ciki, wallahi, amma na tsaya na yi kuka a gefen mai faci. Auta ta dawo wurina da zama. Inna ta ƙi tasowa, ta ce tana jiran masu gyara, kar su zo ba kowa a gida.

Litinin, 5 ga Mayu

An ƙara wa Dogo girma, ya koma bene na sama. Mukan haɗu a matakala, ya gaishe ni, in amsa wa bango. Kujerarsa aka ba ni, yanzu ni ke tankaɗe. Sabon aiki ne, na awon hayaƙin motoci a unguwanni, Farfesa na son sakamako kafin jibi. Da rana wani awo ya fito shi kaɗai can sama, ya hana komai zama. Na daɗe ina kallonsa. Wataƙila na'urar ce, ai suna lalacewa da gaske. Na cire shi, lissafi ya zauna.

Ban duba sunan unguwar ba.