Rigar ulun da ta tsuke

Al-Awali, Madina

Assalamu alaikum, Najiba.

Ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da takwarata Ummi. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, alhamdu lillahi, sai dai sanyin Madina mai shiga ƙashi. Kada ki damu, ana jurewa.

Mutanen gidan da nake aiki sun tafi duwatsun Tabuka, wai yara za su yi wasan zamiya a kan ƙanƙara. Yau kwana tara ni kaɗai. In ban ɗaga murya a karatu ba, ba na jin muryar kowa.

Kafin su tafi, uwar gida ta ba ni rigar sanyi ta ulu, mai ɗumi ƙwarai. To, kin san halina: ba zan yi salla da ita ban tabbatar da tsarkinta ba. Na tafasa ruwa na jiƙa ta. Ashe ulu ba ya son ruwan zafi, tsukewa yake yi. Da ta bushe, ko kaina bai shiga ba. Na kira uwar gida na gaya mata, ta yi dariya ta ce, "Malesh, ba komai ya Ƙaltume, ai taki ce."

Na daɗe riƙe da ita a cinyata. Ina ga kamar girman Ummi ke nan, amma ban sani ba, tunda ban taɓa ɗaukarta ba. Malam Zakiru da ya zo umara zai kawo miki ita. Ki sa mata. In ta yi mata kaɗan, ki gaya mini gaskiya, in san iya abin da ya wuce ni.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifiyarki,
Ƙaltume