Gadar Hawa Jirgi da Na Bar Muku

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni Ndakotsu mai walda, na unguwar Kwangila a Minna, ɗan asalin Bida, na rubuta wannan a watan Sha'aban na shekarar 2014, hankalina garau, babu wanda ya tilasta ni. Ƙirjina ne ya gaji, kaina kuwa har yanzu cike yake da tambayoyi. Zuwa ga 'ya'yana Zikrullahi, Zakariyya, Farida da Muniratu.

Na ɗaya. Gida da shago a raba su yadda shari'a ta tsara, a gaban limamin unguwa. Mahaifiyarku ta zauna a ɗakinta muddin ranta.

Na biyu. Gadar ƙarfe mai naɗewa da ke jingine a bayan shago ba ta cikin gado. Na yi sadaka da ita ga duk mai keken guragu da zai hau jirgin ƙasa.

Kun san shan inna ta riƙe mini ƙafafu tun ina yaro, kuma keken guragu na ƙera na ciyar da ku. A bakin layin dogo na tsufa, ina jin kukan jirgi, na ga lokacin da ya yi shiru ciyawa ta rufe hanya, ban taɓa hawa ba. Da jirgin Legas zuwa Kano ya dawo, na ce sai na ga cikinsa. A tasha na tarar da abin da ban taɓa tunani ba: tsakanin dakali da ƙofar tarago akwai rami, matakalar kuma a tsaye take kamar tsani. Na zauna ina kallonta ina tambayar kaina, wanda ya ƙera wannan, wa ya gani a ransa yana hawa? Duk da haka na hau, muka je Kano; da muka dawo daga wannan tafiya na fara ƙera gadar. Ma'aikatan tasha sun bar ni na gwada, ta kuma zauna daidai a Minna. Amma inda dakali ya yi ƙasa, gangarar ta yi tsaye da yawa, keke yana neman komawa baya. Idan na ƙara mata tsawo sai ta fi ƙarfin mutum ɗaya. A nan na tsaya. Zikrullahi, kai ne hannunka ya fi nawa a walda. Ka gwada ƙarfe marar nauyi, ko ka raba ta gida uku. Ina jin amsar ba ta da nisa.

Na uku, kuma shi ya fi damuna. Zikrullahi da Zakariyya, tun ranar da kuka ɗaga ni zuwa tarago na suɓuce na bugi kafaɗa, ba ku ƙara cin abinci a kwano ɗaya ba. Kowa yana cewa ɗan'uwansa ne ya saki. Ni ne a hannunku, ni na fi ku sanin abin da ya faru. Babu wanda ya sake ni. Ƙofar ce ba ta ɗaukar mutum biyu da na uku a tsakaninsu. Ku yi wa juna sallama kafin a ɗauki gawata, kuma Zakariyya ya riƙa kai gadar tasha a mashin ɗinsa duk ranar jirgi, ɗan'uwansa na gyara.

Na huɗu. Ba na bin kowa bashi, ba a bina, sai alkawari guda. A wannan tafiyar na zauna kusa da Malam Gaiya, makaho, tsohon malamin makaranta daga kudancin Kaduna, wanda yanzu ke zaune a unguwar Tunga, nan Minna, wurin 'yarsa Liyatu. Kafin jirgi ya tsaya yakan faɗi sunan garin. Na matsa masa sai ya gaya mini sirrin. Ya ce wata tashar ƙarar gadar kogi ke sanar da shi, wasu tasoshin kuma kiran masu talla, masu doya daban, masu rake daban. Amma ya ce idan barci ya ɗauke shi, shi ke nan, ba shi da wani allo da zai duba. Na yi masa alkawarin za mu je tare wurin hukumar jirgin ƙasa mu roƙi a riƙa kiran sunan kowace tasha da murya a cikin tarago. Ciwo ya riga ni. Farida, ke ce mai iya magana da manya; ki nemi Liyatu ku raka shi. Ku roƙa da ladabi, in ba a yi ba ku koma.

Na biyar. Muniratu, na riga na ba ki tef ɗina na awo tun ina da rai, shaidu sun gani. Ga abin da ban gaya wa yayyenki ba: daga Minna har Kano ban sha ruwa ba, saboda ƙofar bayin jirgi ta fi kekena ƙunci, kuma na ji nauyin a ɗauke ni zuwa can. Tunda kina karatun zanen gine-gine, ki bincika mini: faɗin nawa ƙofa ke bukata kafin keke ya shiga ya juya? A wasu ƙasashe yaya suke yi? Kurma kuma, wa ke sanar da shi an canja lokacin tashi? Ban sami amsa ba, amma na ji daɗin tambayar.

Duk da ƙishirwar, ban taɓa yin rana mai daɗin wannan ba. Na ga duwatsu da koguna suna wucewa ta taga, ni da na saba ganin duniya daga tsayin gwiwar mutane.

Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku 'ya'ya masu jinƙanku. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe dangin Bida, kada Sallah ta same ku a gidaje huɗu. Wanda ya yi fushi a cikinku, sauran ukun su je ƙofarsa su zauna har sai ya buɗe.

Mahaifinku,
Ndakotsu