A Janye Almakashi Daga Babban Zanen Malam Badaru

Malam Badaru Usaini,
Tsohon malamin zane,
Haɗeja, Jihar Jigawa.
14 ga Agusta, 2023.

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Baje Kolin Kayan Tarihi,
Ɗakin Karatu na Matasa, Haɗeja.

Ranka ya daɗe,

Game da: Gatan da aka yi wa zane-zanen da aka ara

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mai ƙorafi na gabatar da kokensa kamar haka:

1. Ranar 2 ga Agusta, kwamitinka ya ari tsofaffin zane-zanensa na gine-ginen kwalejojin manyan jami'o'i, bugun zamanin da, waɗanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tarawa. An yi alkawarin riƙe su da amana.

2. Ranar 9 ga wata ya leƙa. Ya tarar sakatarenka, Malam Fatihu, saboda tsoron ambaliya, ya kai su shago an manne su cikin leda da inji, yadda mutanen garin nan ke yi wa takardar haihuwa. Yanzu suna ƙyalli kamar katin zaɓe. Gefen da ya hana su shiga ledar kuwa, inda sunan mai zanen da shekarar bugu suke, an datse shi tsaf. Malam Fatihu ya tsaya yana jiran godiya. Mai ƙorafi ya gode, don an yi masa tarbiyya, sannan ya nemi kujera.

3. Saura zane ɗaya, babban, mai hasumiya da farfajiya. Ya fi ƙarfin injin, shi ya sa aka yanke shawarar raba shi biyu ranar Alhamis, in mai shago ya dawo daga gonar shinkafarsa a Auyo. Wannan zanen ne marigayiya Zulfa, matar mai ƙorafi, ta yi ta tsokanarsa da shi cewa gidan da ya yi mata alkawari ke nan. Maganar gaskiya, ransa ya ɓaci, abinci ma ba ya shiga.

Don haka yana roƙon a dawo masa da shi yau, cikakke, da tsufansa da duk tabonsa. Kada a hukunta Malam Fatihu. A dai karɓe almakashin. In ruwa ake tsoro, a kwantar da hankali. Shekarar da kogi ya shigo musu har tsakar ɗaki, Zulfa ta fitar da zanen a ka, naɗe cikin tabarma, ta bar kwanukan aurenta suna iyo. Abin da ta hana kogi, bai kamata kwamiti ya samu ba.

Allah ya ƙara girma.

Naka cikin ladabi,
Badaru Usaini