Bakin Mutanen Ansalmo

Litinin, 6 ga Mayu 1946
Wata uku da dawowar ɗana Wada daga yaƙin Nasara, har yau akushinshi daban. Al'adar gidanmu: wanda ya zub da jinin mutum ba ya cin tuwo da mu, ba ya taɓa iri, sai ya faɗa da bakinshi a gindin tsamiyar kakanni, a wanke shi. Na tambaye shi ko ya yi kisa. Shiru. Ga hadari ya fara leƙowa ta wajen garin Gabi.

Jumma'a, 10 ga Mayu
Ashe yana magana! Da Ansalmo, Ba'italiyen da ke gina wa kumandan rijiya. A ƙasarsu Wada ya yi yaƙi. Na tsaya bayan tulin laka, da Italiyanci suke yi, ban gane ko ɗaya ba. Ni Kanta, da ke riƙe da sunan duk wanda aka binne a Madarumfa.

Lahadi, 12
Matata Inde ta ce, "Tsoho, je ka koyi bakin nasu mana." Na ce aku ne ni?

Alhamis, 16 ga Mayu
Na je. Goro kawai na kai mishi.
Ya ci, ya buga ƙirji: "O manjato." Wato na ci. Ya nuna rijiya: "O skavato." Na haƙa. Ya ce wannan "o" ɗin, wai "ina da". Abin da ka gama aikatawa, a bakinsu, kana da shi, yana hannunka. Wa ya gaya wa mutanen bayan teku abin da kakana ya sani?

Lahadi, 19
Tafiya da dawowa ba su ɗaukar "o". "Sono tornato", na dawo. Na ce "o tornato", ya yi dariya har hularshi ta faɗa rijiya. "Baba Kanta, kanka dutse!" Na ce dutse ake gini da shi, kai ne magini.

Asabar, 25 ga Mayu
Na roƙi kalmar kisa. Ya daɗe yana goge hannu kafin ya ba ni.

Talata, 28
An yi yayyafi. Maƙwabta sun fid da iri.
Na tarar da Wada yana gyaran ƙotar hauyar da ba zai riƙa ba. Na ce, "Ai ucciso?" Ka kashe?
Ya dube ni, ya dube ni. "Baba, kai?"
Sannan: "O ucciso." Na kashe. Ya ɗaga yatsa ɗaya. Sauran ya zubo da Italiyanci kamar kwari ya kawo ruwa, na tsinci "yaro" da "gada" cikin Hausa, sauran ya wuce ni.

Laraba, 29
Ƙanena Dogo ya ce kakanni ba su jin Italiyanci, sai Wada ya sake da Hausa. Da bara ne, da ni zan fara faɗin haka. Na ce ni na ji, ni zan isar. Muka yanka jan zakara, muka wanke Wada.

Litinin, 3 ga Yuni
Ruwa ya sauka sosai. Ina sara, Wada na bina yana zuba iri. Akushi ɗaya yau. Ya cinye mini miya.
Da nake jera wa kakanni labarin shekara, na zo kan sunanshi sai na ji bakina ya ce "e tornato", ya dawo. Tuntuɓen harshe ne. Ban gyara ba.
Gobe akwai sauran goro, in na bi ta rijiya.