Tulun Irin da Na Ɓoye Maka

Baban Alheri,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana hutawa a wurin Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma da sai ka gama neman tabarau ka rasa, ka miƙo mini ka ce in karanta maka. Amma tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Na share tsakar gida sau biyu, na wanke tukunyar da ba ta yi datti ba, na leƙa gabas ya fi sau goma. Da na ga abin ba zai bar ni ba, sai na yagi takarda a tsohon littafin makarantar Alheri na zauna.

Wata bakwai ke nan da tafiyarka. Alheri tana makaranta a Gumel, ta rame, amma kullum cewa take lafiya lau, halinka sak. Ishaku ya ɗauki jakarka ta gyaran famfo, yana bin ƙauyuka har wajen Ɗanzomo. Hannunsa bai kai naka ba tukuna, wani famfon sai ya koma masa sau uku. Ran Lahadi muna taruwa a zaurenmu kamar da, mu Kirista gida uku ɗin nan. Baba Audu ne ke karatu yanzu, yana bin layi da yatsa. Kada ka ji haushi, amma muna tashi da wuri, tun da babu mai doguwar addu'ar nan taka da ke sa ƙafafuna su yi sanyi. Sai ga shi yanzu ita nake nema.

Ba wannan ya zaunar da ni ba. Maganar iri ce.

Ka san abin da asibiti da zaman makoki suka yi wa rumbunmu. Kafin zafi ya shigo mun ga ƙasansa. Yaya ya aiko sau biyu cewa in tattara yara in koma gida, me mace za ta zauna yi a bakin iyaka ba miji ba dangi? Na ce ya bar ni in ga daminar bana. Idan gonar nan ta yi, mun zauna. Idan ba ta yi ba, ba ni da bakin musu, sai mu tafi mu bar gidan da ka gina da hannunka, mu bar kabarinka a Gumel ba mai share shi. Kullum da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

Da mutane suka fara binne, ni ma na ɗauki sungumi. Ni da na shekara ashirin ina yi maka faɗa a kan zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba! Ka tuna? In ce maka zabi za su tone, gara za ta ci, yayyafi zai ruɗe shi ya tsiro ya mutu. Kai kuma ka yi murmushin nan naka mai ba da haushi, ka ce Allah zai tanada, ka juye irin gaba ɗaya a ƙwarya ko tsaba ɗaya ba ka ragewa. To, bana ni da Ishaku muka yi. Kwana tara da suka wuce aka yi ɗan yayyafi, wanda ko ƙurar hanya bai gama kwantarwa ba. Geron ya ji danshi ya leƙo, rana ta buɗe masa kwana huɗu a jere. Na je na tsuguna na taɓa, sai ya murmushe a hannuna. Duk gefenmu haka, har gonakin hanyar Gagarawa.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Ka yi haƙuri, ka ji ni har ƙarshe.

Ka tuna shekarar da aka haifi Ishaku, da binnenmu ya ƙone kamar na bana? Ka tashi da safe ka tarar da ƙullin iri a zaure, ba ka san wanda ya ajiye ba. Ka shigo da gudu kana kirana. Ran Lahadin da muka je babbar majami'a a Gumel ka miƙe ka ba da shaida, kana kuka, ka ce Ubangiji ya aiko mana da iri ta hannun da ba mu sani ba. Mata suka yi guɗa. Ni kuwa na cusa fuskata cikin mayafi, kowa ya ɗauka kukan murna nake.

Ni ce na ajiye, Baban Alheri. Tun shekararmu ta biyu da aure, duk kaka sai na ɗebi tiya biyu daga irin da ka ware, in gauraya da toka, in zuba a ƙaramin tulu, in liƙe bakinsa da laka, in tura ƙarƙashin gado bayan kwallayena inda na san ba za ka taɓa dubawa ba. In shuka ta kama, sai in daka shi mu sha kunu, ba ka sani ba. In ta ƙone, in fito da shi. Sau biyu bayan wannan na ce maka Yaya ne ya aiko, har ka sa aka rubuta masa godiya, bawan Allah ya rasa godiyar mece ce.

Ban yi don in raina ka ba. Tsoro ne. Kai an ba ka zuciyar da ke kwanciya, ni ba a ba ni ba. Kana barci kana minshari, ni ina ƙirga watannin da suka rage kafin sabon gero. Wani lokaci har haushinka nake ji, in ce a raina, ai dole ka ce Allah zai tanada, tun da akwai wata wawuya da ke tanadin a bayanka. Na faɗa, Allah ya gafarta mini. Amma ka sani kuwa? Akwai ranar da ka shigo ka same ni da laka a hannu, ka dube ni, ka dubi gadon, ka juya ka fita. Ka gane ne ka ƙyale ni? Ko tunanin famfon wani ƙauye kake? Wannan tambayar ta hana ni sakat, kuma babu mai amsa mini ita.

Bana ma na ɓoye. Kana kwance a asibiti, ni ina liƙe bakin tulu. Saboda haka da binnen ya ƙone ban yi kuka kamar sauran mata ba, na san abin da na taka.

Shekaranjiya da hantsi sai ga Hajara, matar Malam Idi maƙwabcinmu. Ka san tun bara ɓarin jikinsa ya shanye, sai an kwantar sai an tayar, ga yara shida. Nasu binnen ma ya ƙone ƙurmus. Ta je kasuwar Maigatari ran Alhamis, ta tarar iri ya yi tsadar da ba ta iya taɓawa, har mutanen Nijar sun tsallako nema. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakina, ta daɗe tana zagaye-zagaye, gaisuwa a kan gaisuwa, kafin ta iya tambaya ko ina da ɗan abin da ya rage, ko cikin tafi ne. Hajarar da ta kwana bakwai tana kawo mana kunu lokacin makokinka. Hajarar da ta riƙe ni ranar da aka shigo da gawarka, ba ta tsaya tambayar ko addininmu ɗaya ba.

Na shafa wa idona toka na ce mata babu. Tulun yana bayana, ko taku uku bai kai ba. Ta ce ba komai, Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya, ta gyara mayafi ta tafi. Har addu'a ta yi mini, ka ji!

Tun daga lokacin abinci ya ƙi shiga. In na durƙusa zan yi addu'a, sai in tashi ban yi ba. Me zan ce wa Ubangiji? In ce ya ba mu abincin yau, alhali na kori mai nema da ƙarya? Na yi ta kawo wa kaina hujja. Tiya biyu ita ce daidai gonarmu. In na raba, rabin gona zai kwana ba shuka. In wannan shukar ma ta ƙone, shi ke nan, sai motar Yaya. Ina da marayu biyu. Wa zai ce na yi laifi? Duk na faɗa wa kaina wannan, kuma duk gaskiya ne, amma zuciyata ta ƙi karɓa.

Jiya ina tankaɗe sai wani tunani ya faɗo mini, har na ajiye rariyar. Shekara da shekaru ina ganin ni ce na yi maka wayo, shaidar da ka bayar a majami'a ta banza ce. To, wa ya sa mini tsoron da ya sa na ɓoye? Wa ya hana gara da ɓera shiga tulun nan shekara ashirin? Ashe ba ƙarya ka yi ba. Ka roƙa, an ba ka, ta hannun matsoraciyar matarka da ba ta ma san aikenta aka yi ba. Kuma na tabbata Hajara ta roƙi Allah kafin ta taho gidan nan. In haka ne, amsar addu'arta tana ƙarƙashin gadona kwana biyu ke nan, ni na zauna a kai.

Kada ka ɗauka na zama kai. Ban zama ba. Yanzu haka tsoron nan yana tare da ni. Ban ji wata murya ba, ban yi mafarki ba, babu wanda ya yi mini alkawarin ruwa zai zauna. Hadari dai ya fara haɗuwa ta gabas tun azahar, iska ta juyo, awaki sun shigo da kansu. Yana iya zuba, yana iya watsewa kamar na ran Talata.

Na fasa lakar ɗazu. Irin yana nan lafiya, ko ƙwaro ɗaya babu. Na auna tiya ɗaya na ƙulle a tsohon zanena, ɗaya na bar mana. Na so in ajiye mata a zaure in gudu, kamar yadda na yi maka, sai na ga wannan ma wata ƙaryar ce. Zan shiga da sallama in miƙa mata hannu da hannu, in ce mata ranar nan ƙarya na yi. Kunyar wannan ta fi ba da irin yi mini nauyi.

In ruwa ya sauka, gobe ni da Ishaku za mu shuka rabin gona. Karo na farko ke nan tun da na shigo gidanka da zan zuba iri a ƙasa ba ka nan, ba ni kuma da komai a ɓoye. Ashe haka kake ji duk shekara? Kai, Baban Alheri, da ka gaya mini abin da wuya haka.

Bari in tashi kafin zuciyata ta sake shawara, ka san halinta. Ka huta lafiya. Sai Ubangiji ya sada mu.

Ni ce matarka mai gardama,
Saratu, uwar Alheri